Mutum-mutumin roba daga Sin zuwa Damagaram: yadda na bi kadin kayan da suka zo da aibi

Ina da ɗan kanti a Sabon Gari, ba nisa da kasuwar Dole, inda nake sayar da kayan waya da kayan wasan yara. A 'yan shekarun nan na ƙara da mutum-mutumin roba masu gaɓoɓi, irin waɗanda ake lanƙwasa musu hannu da gwiwa, a cire musu kai a sa wani, a riƙa musu takobi ko garkuwa. Tsayinsu bai wuce santimita 15 ba. Galibin masu sayensu ba yara ba ne. Samari ne, ɗaliban jami'a da matasan ma'aikata, masu jera su a kanta suna ɗaukar hoto. Irin wannan mai saye shi ne zai ɗauki kwalin ya fita da shi bakin ƙofa inda haske yake, ya ƙura wa fuskar ido, ya dawo ya ce maka idon hagu ya fi na dama hawa sama. Yaro ba ruwansa da wannan, shi dai a ba shi ya karya. Wanda yake son shiga wannan harka daga nan Damagaram, ga abin da ya same ni daga ranar oda har ranar da aka biya ni ɗan abin da aka biya.

Na asali, irin na Bandai ko Hasbro, kuɗin guda ɗaya ya isa cefanen gida na kwanaki, masu iya sayensu a garin nan ba su da yawa. Don haka na nemi wata masana'anta a Chenghai, yankin birnin Shantou da ke lardin Guangdong, inda ake ƙera kaso mai yawa na kayan wasan duniya. Ita tana yin nata zane ne, mayaƙa da mutanen ƙarfe, ba kwaikwayon na wani ba. Mun haɗu a wani babban dandalin saye da sayarwa na intanet. Na nemi samfur, aka aiko ta jirgin sama zuwa Yamai, daga can aka sako mini a motar fasinja. Samfurin kam ba laifi. Fenti ya zauna, gwiwa tana yin ƙas-ƙas in ka lanƙwasa ta kuma ta tsaya inda ka tsayar da ita, ba wari. Muka yi ciniki kan guda 600, kwali 25, kowane kwali 24. Tsarinsu shi ne ka ba da kashi 30 cikin 100 kafin a fara aiki, sauran 70 kafin kaya su bar masana'anta. Takardar cinikin da suka aiko ta ƙunshi sunan kaya da yawansu da farashi da ranar gamawa, babu ko layi ɗaya a kan inganci, kuma haka suke aiko wa kowa in bai nemi ƙari ba. Aikin ya faɗo daf da sabuwar shekararsu, wadda a 2025 ta kama ranar 29 ga Janairu. A wannan lokaci masana'antu na rufewa makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu, kowa na gaggawar fitar da abin da ke hannunsa. Aka turo mini hoton kwalaye a jere an manne su, aka ce an gama. Na tura sauran kuɗin ta hannun wani ɗan garinmu da ke zaune a Guangzhou, aka kai kayan ɗakin ajiyar masu kargo a can.

Daga nan sai jira. A lokacin iyakarmu da Benin a rufe take tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da a da ke sauka Kwatano sai Lome suke sauka, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci da rakiyar sojoji kafin su iso Yamai. Ayarin ba kullum yake tashi ba. Na so kayan su riski ƙaramar Salla, Sallar ta zo ta wuce suna tsaye a rana a wani wuri da ko mai kargon bai iya faɗa mini takamaimai ba. Duk sanda na kira shi amsar ɗaya ce: «Alhaji, ka ƙara haƙuri, suna hanya.» Masu kargo kan mita kubik suke caji, kuɗin duwan, wato kwastan, a ciki. Nawa kayan sun ɗan haura mita ɗaya, na biya sama da sefa 400,000. Su ne suka fitar da kayan a duwan ɗin Yamai da sunansu, a dunƙule da na wasu 'yan kasuwa, ni kuwa abin da na samu hoton takardar biya ne a waya. Daga Yamai aka ɗora su a babbar mota, kusan kilomita 900 ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 a inuwa.

A tasha na tarar da kwalayen a ƙarƙashin buhunan wani. Huɗu an yanka su da wuƙa an sake manne su da wani salatef daban, alamar an buɗe su wajen bincike. Biyu sun lotsa a kusurwa. Yaron da ke ba da kaya ya miƙo mini littafi in sa hannu. Na ce sai ya rubuta a gefe cewa an buɗe huɗu, biyu sun lotse. Ya ɗan yi gunaguni, ya kira maigidansa, maigidan ya ce a rubuta. Na ɗauki hoton shafin, na ɗauki hoton kwalayen a inda suke kafin a taɓa su, sannan muka loda a adaidaita. Wannan ɗan rubutun na gefen littafi ya yi mini amfani daga baya fiye da takardar da na biya kuɗi mai yawa aka yi mini.

Buɗewar a tsakar gida muka yi ta, ni da ƙanena da wani yaron kanti, a kan tabarma, waya tana ɗaukar bidiyo tun daga yanka salatef. Kwalin farko lafiya. A na uku ƙanena ya ɗago wani mayaƙi ya ce, «Yaya, wannan hannun hagu biyu gare shi.» Muka yi dariya. Da muka samu na biyar mai irin wannan, dariyar ta ƙare. Sai ga waɗanda idonsu ya goce, ɗaya yana kallon gabas ɗaya yana kallon sama. Sai masu gwiwa sako-sako, kana tsayar da su su durƙusa. Sai akasinsu, gaɓar ta ƙage, ka ɗan matsa ta ɓalle a hannunka. Wasu fenti ya zubo daga sulke zuwa wuya. Wasu kuma jikinsu na danƙo, ka taɓa yatsa ya manne, ga wani wari mai hawa kai. Ƙafafun wasu sun karkace kamar rani ya busar da ƙirgi. Muka kasa su kashi uku. Masu babban aibi, waɗanda ba mai tarawa da zai karɓa ko kyauta, kusan 70. Masu ƙaramin aibi, ɗigon fenti ko tsinin roba a gefe, kusan 60. Waɗanda nake zargin hanya ce ta lalata su, kusan 30.

Rarrabe laifin masana'anta da na hanya shi ne ainihin aikin, don a kansa duk gardamar za ta tsaya, kuma sai da na zauna na karanta yadda ake yin abin kafin na iya. Ba roba ɗaya ce a jikin mutum-mutumin ba. Kai da hannuwa da tufafi galibi PVC ne, mai ɗan laushi. Ƙirji da makamai ABS ne, mai tauri. 'Yan ƙusoshin gaɓa sau da yawa wata roba ce mai santsi da ake kira POM. Narkar da kowace ake yi a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu. In mazubin ya tsufa ko bai haɗe sosai ba, roba ta tsiyayo ta tsagar, shi ne tsinin da kake ji a gefen hannu. In ka duba ƙusar gwiwar da ta karye ka ga ɗan rami a tsakiyarta, iska ce ta maƙale lokacin zubi, wannan tun daga masana'anta ne. In kuwa wurin karayar ya yi fari-fari ya miƙe, ƙarfi aka sa mata. Ido ba da buroshi ake zana shi ba, wani tattausan hatimi ne ke ɗauko tawada ya buga a fuska, in kan bai zauna daidai a mazauninsa ba sai idon ya goce, kuma yakan goce wa da yawa a jere iri ɗaya. Na jera fuskoki goma sha, duk gocewarsu gefe guda, na ɗauki hoto. Babu zafin ranar da zai yi wannan, babu ramin hanyar da zai sa wa mutum hannun hagu biyu. Karkacewar ƙafa da danƙon jiki kuwa, nan magana ta rabu. PVC na yin laushi da zafi, sinadarin da ake zuba masa don ya yi taushi kuma yana tsattsafowa in ya daɗe a rufe cikin zafi. Robar kirki ta fi jurewa, amma ba ni da hanyar nuna cewa tasu ba ta kirki ba ce, sai na bar waɗannan 30 ɗin a gefe ban sa su cikin ƙorafi ba.

Na tura wa wakiliyar masana'antar hotuna. Amsar farko ta zo da sauri da ladabi: kayan sun bar wurinsu lafiya, hanyar Afirka ce da nisa. Na shiga dandalin don in buɗe ƙara, sai na tarar ƙofar a rufe. Wa'adin ƙorafi kwana 30 ne daga ranar da aka miƙa kaya, kuma a wurinsu an miƙa kaya tun ranar da masu kargo suka sa hannu a Guangzhou. Wato wa'adin ya cika kayana suna kan teku. Duk ɗan kasuwar Nijar da ke bi ta hannun masu kargo, wannan tarkon na gabansa, don babu kayan da suka biyo jirgin ruwa da ke isowa Damagaram cikin wata guda. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Kuɗin ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai na kawuna a ciki, kuma shi tun farko bai so harkar ba. Yana cikin masu ganin bai kamata a ajiye mutum-mutumi a ɗaki ba, ya ba ni ne don ni, ba don kayan ba.

Na fara zagayen ofisoshi. A duwan na so in ji ko ana rage wani abu in kaya sun zo a lalace. Na zauna a benci har aka sauko daga sallar azahar. Jami'in da ya saurare ni ya tambayi takardar shigo da kaya, na nuna masa hoton waya. Ya ce, «Malam, sunanka ba ya nan.» Na ce, «Ranka ya daɗe, kayana ne.» Ya ce ya yarda, amma a takarda na mai kargo ne, kuma ko da nawa ne, maganar lalacewa ana tayar da ita ne kafin kaya su fita daga hannun duwan, ba bayan sun kwana a gida ba. Bai ɓata mini lokaci ba, ban kuma biya ko dala ba. A reshen cibiyar 'yan kasuwa wani dattijo ya karanta takardar cinikin sama da ƙasa, ya ce ba abin da za a kama masana'antar da shi tunda ba a rubuta irin ingancin da aka yi alkawari ba. Ya ba ni shawarar in samu wisiye, mai rubuta shaidar gani da ido da kotu ke karɓa, ko don in nuna musu da gaske nake. Wisiyen ya sa mini rana, ya ɗaga, sannan ya zo gida da magatakardansa. Suka ƙirga, suka ɗauki hoto, yana ta murmushi yana juya mayaƙin nan mai hannun hagu biyu. Takardar ta fito da Faransanci da hatimi, ta ci mini kusan sefa 40,000, na kuma biya wani malamin makaranta ya mayar da ita Ingilishi.

Ba na jin wakiliyar ta karanta ta har ƙarshe. Abin da ya motsa su uku ne. Bidiyon buɗewa da ba a yanke ba, wanda lambar kwali ke fitowa a ciki. Hoton littafin tasha, da ya nuna kwalaye shida kaɗai hanya ta taɓa alhali aibin ya bazu har cikin waɗanda salatef ɗin masana'anta ke kansu. Sai ɗan garinmu na Guangzhou, da ya kira su da harshensu ya gaya musu akwai oda ta biyu in an sasanta. Saƙo kuma sai ka tura da sassafe, don sun riga mu da awa 7, in ka bari sai azahar sun tashi aiki. Muka yi ta ja. Kuɗi a hannu suka ce ba sa mayarwa. A ƙarshe suka yarda za su cire kuɗin guda 50 daga oda ta gaba, su haɗo da jakar hannuwan dama da ƙusoshin gwiwa kyauta. Na karɓa. Kuɗin kargo da na duwan da na biya a kan waɗannan 50 ɗin ya tafi ke nan.

Kafin jakar ta iso mun gyara abin da zai gyaru. Ƙafar da ta karkace, ka tsoma ta a ruwan zafi wanda bai tafasa ba kamar rabin minti, ka miƙe ta da hannu, ka tsoma a ruwan randa, sai ta tsaya. Gaɓar da ta ƙage ma ruwan zafin ne maganinta, kada a murɗa ta a bushe. Sako-sako kuwa, ka cire ƙusar ka shafa mata jan farce marar launi siriri, ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar. Gam mai kamawa nan take yana barin farin tabo a kan fenti, ga shi in ya shiga gaɓa ta mutu. Masu danƙo mun wanke su da sabulu da ruwa mai ɗumi muka shanya a inuwa, wasu sun daina, wasu bayan makonni ya dawo. Waɗannan ban sayar wa kowa ba, balle yara masu kai komai baki. Waɗanda aka gyara na ware musu kanta daban, na rage kuɗi, ina gaya wa mai saye abin da aka yi musu. Garin nan ƙarami ne a wannan harka, masu tarawar duk sun san juna, suna da zaurensu a WhatsApp.

A oda ta biyu na ce ba na sake cinikin biri a sama. Na sa aka rubuta a takardar ciniki cewa sauran kashi 70 ba zai fita ba sai mai duba kaya mai zaman kansa ya shiga masana'anta ya ba da rahoto. Kamfanonin da ke wannan aiki suna da yawa a Sin, kuɗin yini guda na mutum ɗaya yakan kama dalar Amurka 200 zuwa 300. Ba duka kayan suke dubawa ba. Akwai ma'aunin duniya, ISO 2859-1, wanda 'yan harkar ke kira AQL, wato iyakar yawan aibin da aka yarda da shi. A matakin da aka fi amfani da shi, in kaya sun kai 501 zuwa 1,200, guda 80 ake zara daga kwalaye daban-daban. In an sa ma'aunin 2.5 ga babban aibi, an yarda da 5, da an samu 6 kayan sun faɗi. Ƙaramin aibi a ma'aunin 4.0 an yarda da 7, na takwas ya kayar da su. Abin da zai iya cutar da mutum, kamar tsini mai yanka, ba a yarda da ko ɗaya ba. In ka auna kayana na farko da wannan, cikin 80 za a samu kamar 9 masu babban aibi, da ba su bar Shantou ba.

Sai dai mai duba kaya abin da ka rubuta masa shi yake dubawa. In ba ka ce gocewar ido babban aibi ba ce, zai sa ta cikin ƙanana, don a kayan wasan yara haka take. Na zauna da biyu daga cikin masu sayena mafi tsanani muka rubuta jerin da kanmu: a lanƙwasa kowace gaɓa, a tsayar da mutum-mutumin a kan tebur ba tare da jingina ba, a ƙirga hannuwan canji dama da hagu, a gwada fuska da samfurin da na sa wa hannu aka ajiye a masana'anta, a manna salatef a kan fenti a ɓare a ga ko zai biyo, a saki kwali daga sama a buɗe a gani. Na nemi kuma takardar gwajin EN 71, ma'aunin Turai na kayan wasa, wanda sashensa na uku ke auna gubar ƙarafa irin su dalma a fenti. Wannan ba tsoron banza ba ne, a 2007 kamfanin Mattel da girmansa ya janye ɗimbin kayan wasa da aka ƙera a Sin saboda dalma a fenti. Tambarin CE da ke jikin kwali shi kaɗai bai isa hujja ba, kowa na iya buga shi, rahoton ɗakin gwajin za ka nema ka duba ko sunan kayan da ke ciki ya dace da naka.

Rahoton farko ya zo da hotuna masu yawa, kayan sun faɗi a kan gwiwa sako-sako. Masana'antar ta nemi in yi haƙuri in karɓa a rage mini kuɗi, na ƙi. Suka buɗe kwalayen suka canza ƙusoshi, aka sake dubawa a kan kuɗinsu kamar yadda muka rubuta, suka wuce. Sannan na saki kuɗi. Na kuma sa aka ƙara kauri a kwalayen, aka tsara lokacin yadda za su iso da sanyin hunturu ba bazara ba, mai kargo ya ba ni kwafin takardar duwan a hannu da jerin kwalayena a jiki. Da suka iso mun sake shimfiɗa tabarmar da bidiyo. An samu aibi, ba a rasa ba, amma bai kai cikin kwali ɗaya ba, kuma yawancinsa hannuwa da ƙusoshin jakar nan sun rufe shi. Kuɗin dubawar in ka raba shi kan guda 600 bai kai sefa 300 a kowane ɗaya ba, na ɗora shi a farashi, babu wanda ya yi magana. Ragowar kayan yanzu a ɗakin ƙasa na gidan kawu nake ajiye su, ba a kantin mai rufin kwano ba, in fito da kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da zai tafi a mako.